Kwaɓin da Ya Ƙi Tashi

A garin Talata Mafara akwai wata yarinya da ba ta gajiya da tambaya. Tana aji biyar a firamare. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka kowa Auta yake ce mata.

Idan ta ga kaza tana shan ruwa, sai ta tambaya me ya sa take ɗaga kai sama. Idan aka yi tsawa, sai ta tambaya ina ƙarar take zuwa bayan ta wuce. Innarta takan ce, "Ke dai wagga ɗiya, bakinki bai san hutu ba."

Tambaya ba laifi ba ce. Inda matsalar take, Auta ba ta cika jiran amsa ba. Hannunta ya fi bakinta sauri.

Auta tana da yaya mai suna Amira, ɗaliba a jami'a. Amira ta haɗa kai da ƙawarta Hadizatu, 'yar Maradun, da ɗan baffansu Yasir. Dukansu ɗalibai ne. Idan babu lacca, ko an ba da hutu, burodi suke yi suna kai wa masu shayi na bakin tasha.

Wurin aikinsu wani ƙaramin shago ne a jikin zauren gidan su Auta. A da, igiyoyin shanu da buhunan dusa ne a ciki. Yanzu kuwa akwai tebur, da manyan robobi, da gwangwanayen burodi. A bayan shagon akwai tanderun ƙarfe da wani maƙeri ya ƙera musu da tsohon duro. Gawayi ake zuba masa sama da ƙasa.

Babansu, Malam Ayuba, fataucin shanu yake yi. Da farko bai so wannan sana'a ba ko kaɗan.

Ya ce wa Amira, "Karatu na tura ki, ba toye-toye ba."

Amira ta yi ta roƙo. Inna ma ta sa baki. Daga ƙarshe Baba ya yarda, amma da sharaɗi.

Ya ce, "Na ba ku shagon. Amma ranar da wanga aiki ya ja mani jin kunya cikin mutane, ran nan zan sa mai kwaɗo. Kin ji?"

Amira ta ce, "Na ji, Baba."

Amira tana son shagon nan kamar ranta. Ita ta share shi, ita ta shafa masa farar ƙasa. Duk wanda ya san Baba kuma ya san ba ya magana biyu.

Ana nan, sai aka yi wa aminin Baba jika. Sunan aminin Alhaji Tukur, a Bakura yake. Za a raɗa suna ranar Laraba da safe, kuma yana son burodin da baƙi za su sha shayi da shi.

Baba ne da kansa ya ce masa, "Kada ka nemi na kowa. Ɗiyata tana yi, kuma ba ka taɓa cin irin nata ba."

Da Amira ta ji, murna da tsoro suka haɗu suka cika ta. Ba su taɓa samun aiki mai yawa haka ba. Aka shirya za su yi gashi ranar Talata. Direban Alhaji Tukur, wani mai suna Bature, zai zo cin kasuwa ran nan. Idan zai koma bayan la'asar, sai ya ɗauki burodin, ya ɗauki Inna da Auta su je su kwana can. Ba a son tafiyar yamma liƙis a hanya, don haka mota ba za ta jira ba.

Ranar Litinin, Auta ta shiga shago ta tarar da Amira tana jera kaya. Ga buhun fulawa, ga sukari, ga bota, ga gishiri. A gefe kuma ga wata leda mai ɗauke da wani abu kamar yashi mai laushi.

Auta ta ce, "Yaya, mi ne wanga?"

"Yis ke nan. Shi ke sa burodi ya kumbura."

"Yaya yake yi?"

Amira ta yi murmushi. Ilimin ƙananan halittu take karanta a jami'a, kuma tana jin daɗin a tambaye ta.

Ta ce, "Yis abu ne mai rai. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne, ido bai iya ganinsu ɗaya-ɗaya."

Auta ta zaro ido. "Mai rai? Cikin leda?"

"Barci suke. Idan sun ji ruwa mai ɗumi da sukari, sai su farka. Su ci sukarin, su riƙa fitar da iska. Iskar ce ke maƙalewa cikin kwaɓi, sai ya tashi."

"Ke nan ramukan da ke cikin burodi, numfashinsu ne?"

"Kusan haka ne."

Auta ta ɗibi ɗan kaɗan a tafin hannunta. Ta kai kusa da ido. Ta kai kusa da kunne, ko za ta ji minshari. Ba ta ji komai ba.

"Yaya, suna da baki? Suna da ƙahwa? Sun san suna Talata Mafara?"

Amira ta yi dariya har ta dafa tebur. "Auta, ki bar ni in yi aiki. Idan munka gama da Bakura, zan zauna in amsa maki duka."

Auta ta fita, amma tunanin yis bai fita daga kanta ba. Ta ci tuwo tana tunaninsa. Ta wanke hannu tana tunaninsa.

Ranar Talata gari ya waye da sanyin ruwan sama. An sha ruwa kafin asuba, ƙasa ta jiƙe. Tun da sassafe shago ya cika da aiki. Hadizatu tana auna fulawa. Yasir yana fasa gawayi a baya. Amira tana kai da kawo kamar mai neman abin da ya ɓata.

Auta ta leƙo. Makarantarsu tana hutu, kuma ta riga ta ɗaure kayan zuwa Bakura.

"Yaya, in taya ku?"

Amira ta dube ta. Hannu ya yi musu kaɗan. Ta auna yis a wani babban kwano, ta zuba sukari a kai.

Ta ce, "Kai wanga madafa. Ki zuba ruwa mai ɗumi, kamar na wankan jariri. Ki sirka, ki taɓa da yatsa. Kin gane?"

"Na gane."

Auta ta ɗauki kwano da hannu biyu, tana tafiya a hankali don kada ta girgiza masu barci.

A madafa ta tarar da tukunyar ruwa a kan murhu tana tafasa. Inna ta shiga ɗaki. Auta ta ajiye kwanon, ta ɗauko moɗa don ta sirka. Sai wani tunani ya zo mata.

Yau ana sanyi. Ita kanta da ƙyar ta fito daga bargo. Idan ruwa mai ɗumi yana tashin yis daga barci, ai ruwan zafi zai tashe su da sauri. Za su farka a firgice, su ci sukari da yawa, su yi numfashi da ƙarfi. Burodi zai yi girma, kowa a Bakura ya yi mamaki.

Ta waiwaya wajen shago. Ko ta je ta tambaya? Amma Yaya ta ce a bar ta ta yi aiki. Kuma ai gani ya fi daɗi.

Auta ta ɗebi tafasasshen ruwa ta tuttula a kan yis. Tururi ya tashi. Ta durƙusa tana kallo, tana jiran ta ga abin mamaki.

Ba abin da ya faru. Ruwan ya zama ruwan ƙasa-ƙasa, ya kwanta shiru.

Ta ce a hankali, "Ku tashi mana."

Ta sa cokali ta juya. Ta ƙara juyawa da ƙarfi, har 'yar kumfa ta taru a sama. Ta zauna tana gadi. Kwanon ya huce, amma babu wani motsi.

Daga shago Amira ta ƙwala kira. "Auta! Ina yis?"

Auta ta kai kwanon. Amira ta taɓa gefensa ta ji ɗumi. Ta ga 'yar kumfa a sama. Da ba sauri take ba, da ta tsaya ta duba da kyau. Amma hankalinta yana wurare da yawa.

Ta ce, "Madalla da Auta."

Ta raba ruwan a robobin fulawa. Suka shiga cuɗawa. Hadizatu tana murzawa, Yasir yana bugawa a kan tebur, tim, tim. Kwaɓi ya yi laushi, ya yi santsi. Suka mayar da shi cikin robobi, suka rufe da leda, suka ɗora zane a kai.

Yasir ya share gumi. "Saura jira. Kafin in gama hura gawayi, zai cika roba."

Suka jira.

Auta ta zauna a bakin ƙofa tana kallon zanen. Kullum idan an rufe kwaɓi, zanen yakan yi tudu a hankali kamar cikin wanda ya ƙoshi. Yau zanen yana kwance yadda aka shimfiɗa shi.

Hantsi ya yi. Amira ta ɗaga zane ta leƙa. Ta danna kwaɓi da yatsa. Gurbin yatsan ya zauna, bai dawo ba.

Ta ce, "Sanyi ne. Mu kai shi rana."

Suka kinkimi robobi zuwa tsakar gida, inda rana ta fara faɗowa. Suka sake jira.

Auta ta matsa kusa da Hadizatu, ta yi ƙasa da murya.

"Yaya Hadizatu, mi ke kashe yis?"

Hadizatu ba ta ko kalle ta ba. Idonta yana kan robobi. Ta ce, "Idan ya tsufa. Ko a zuba mai ruwan zahi. Ai dahuwa yake yi nan take."

Auta ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi a baya. Ashe ba tashinsu ta yi ba. Dafa su ta yi.

Ta buɗe baki za ta yi magana. Sai ta ga fuskar Amira, ta ji tsoro. Ta rufe bakinta. A ranta tana cewa wataƙila wasu sun tsira. Wataƙila idan rana ta ƙara zafi za su tashi. Yarinyar da ba ta iya shiru, yau ta yi shiru, kuma a ranar da magana ta fi amfani.

Rana ta yi sama. Daga nesa ana jin hayaniyar kasuwa da ƙarar babura. Kwaɓi yana nan yadda yake, ya yi nauyi kamar yumɓu.

Hadizatu ta ɗauko ledar yis da ta rage, ta juya ta. "Wallahi mai kantin nan tsohon yis ya sayar muna. Bari in zubar da shi, in tahi in same shi."

Yasir ya ce, "Ko kuma fulawar ce ba ta da kyau. In haka ne, komai munka zuba ba zai tashi ba."

Amira ta dafe kai. Ba su san inda matsalar take ba, don haka ba su san abin da za su gyara ba.

Ana cikin haka sai aka ji sallama a zaure. Baba ne ya dawo daga kasuwar shanu, tare da Bature direba.

Baba ya shigo da fara'a. "Ina masu burodi? Ban ji ƙamshi ba. Bature ya ce a nuna mai kwalayen, ya san wurin da zai bar masu cikin mota."

Baba ya dubi robobi a rana. Ya dubi tanderu babu komai a ciki. Fara'arsa ta gushe.

"Amira, mi ya faru?"

"Baba, kwaɓin ne ya ƙi tashi."

"Ya ƙi tashi? Don mi?"

"Ban sani ba, Baba."

"Wa ya haɗa shi?"

Amira ta san Auta ce ta jiƙa yis. Ta ɗan kalli ƙanwarta, sai ta kawar da kai. Ba ta da tabbacin komai, kuma ba ta son ta jefa yarinya a bakin Baba.

Ta ce, "Ni ce mai aikin, Baba. Laihina ne."

Baba ya ce, "Ni da bakina na ce ma Alhaji Tukur kada ya nemi na kowa. Gobe mutane za su taru, a kawo shayi babu abin ci da shi. Da wane ido zan dube shi?"

Ya juya wajen Yasir. "Shiga ɗakina. Akwai kwaɗo bisa taga. Kawo mani."

Hawaye suka zubo wa Amira. Ba ta yi gardama ba. Ta sa gefen mayafinta ta rufe fuska.

Auta ba ta taɓa ganin yayarta tana kuka ba. Abin ya soke ta a zuciya. Sai ta miƙe.

"Baba!"

Kowa ya juyo.

"Baba, ba Yaya ba ce. Ni ce. Ta ce in zuba ruwa mai ɗumi, ni kuma na zuba tafasasshe. Na ɗauka za su fi saurin tashi daga barci. Na so in gani ne."

Baba ya haɗa gira. "Su wa za su tashi daga barci?"

"Yis, Baba. Na dahwa su. Duka sun mutu." Sai ta fashe da kuka.

Bature direba ya juya baya yana tari. Ba tari ba ne, dariya ce yake haɗiyewa.

Hadizatu ta dubi ledar da ke hannunta, wadda ta kusa zubarwa. Ta ce, "Tsaya! In haka ne, wanga yis lahiyarsa lau!"

Yasir ya ce, "Fulawar ma lahiya take!"

Amira ta share hawaye da sauri. Ta durƙusa a gaban Baba.

"Baba, yanzu mun san ciwon. Za mu jiƙa sabon yis, mu sake cuɗa shi cikin kwaɓin. Zai tashi, in Allah ya yarda. Ka ba mu zuwa la'asar."

Baba ya dubi Bature. Bature ya ce, "Ni dai da an sallame la'asar zan kama hanya, Malam. Ka san yadda hanya take."

Baba ya ce, "Ku yi in gani. Maganar kwaɗo tana nan. Sai na dawo daga Bakura zan yanke."

Sannan ya dubi Auta. "Ke kuma tun yaushe kinka san abin da kinka yi?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Tun hantsi."

"Da kin hwaɗi tun hantsi, da yanzu burodi na cikin wuta. Ɓarnar ruwan zahi ƙarama ce. Shirun da kinka yi shi ne babba."

Ba a ƙara ɓata lokaci ba. Amira ta sirka ruwa da kanta. Ta kama yatsan Auta ta tsoma a ciki.

"Kin ji? Haka ake so. Ba zahi, ba sanyi."

Ta zuba a kan sabon yis da sukari. Ta ce, "Kada ki juya da ƙarfi. Zauna ki kalla."

Auta ta zauna, hawaye bai gama bushewa a fuskarta ba. Da farko babu komai. Can sai ta ga wani ɗan ƙwallo ya taso daga ƙasa ya fashe. Wani ya biyo shi. Kafin ta ankara, kumfa mai kauri ta rufe kwanon, tana hawa sama a hankali. Wani ƙamshi mai ɗan tsami ya bugi hancinta.

"Yaya! Sun tashi! Wallahi sun tashi!"

Amira ta ce, "Wagga ita ce kumfar gaskiya. Ta safe ta cokali ce. Ni ma da laihina, da na tsaya na duba da na gane."

Sake cuɗa kwaɓin da ya riga ya haɗu ba wasa ba ne. Yasir ya buga har kafaɗunsa suka yi tsami. Hadizatu ta murza har hannunta ya yi ja. Inna ta ɗaura ɗamara ta shigo ta kama musu. Auta aka ba ta shafa wa gwangwanaye bota, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta bar ko kusurwa ba.

Wannan karon rana ta taimaka. Zane ya fara tudu. Auta ta yi ta zagaya robobin kamar kaza mai ƙwai.

Aka yanka kwaɓi, aka mulmula, aka jera a gwangwanaye. Ya sake tashi. Yasir ya zuba garwashi sama da ƙasa, aka tura zubin farko. Ba a jima ba ƙamshi ya cika gida, ya fita har titi. Yaran maƙwabta suka fara leƙe a zaure.

Amma tanderun ƙarami ne. Ba ya cin burodi da yawa a lokaci ɗaya. Da aka kira la'asar, akwai sauran zubi guda da bai shiga wuta ba.

Bature ya zo da mota. Aka loda kwalayen da suka samu, burodi yana ta ɗumi a ciki. Inna ta fito da mayafinta da jakarta.

Auta ta kalli ƙullin kayanta. Sannan ta kalli gwangwanayen da suka rage, da tulin robobi marasa wanki.

Baba ya ce, "Sauran burodin ni zan kai shi bisa babur gobe da sassahe. Kwali zai zauna baya. Babu wurin mutum."

Auta ta gane. Idan ba ta shiga motar nan ba, babu ita babu sunan Bakura. Babu waina, babu ganin jariri, babu wasa da yaran gidan Alhaji Tukur. Ta daɗe tana ɗokin tafiyar nan.

Ta matsa kusa da Inna. Ta ce, "Inna, ki tahi. Ni zan tsaya in taya su gamawa. Ni na ja."

Inna ta dafa kan Auta. "Allah ya yi maki albarka."

Mota ta tashi. Auta ta tsaya a ƙofa har ta daina ganinta. Ta yi ɗan kuka kaɗan, sannan ta koma ta ɗauki soso da sabulu.

Kafin magariba zubin ƙarshe ya fito. Washegari da sassafe Baba ya ɗaure kwali a bayan babur ya kama hanyar Bakura. Bai ce komai ba game da shago.

Wunin Laraba ya yi wa Amira tsawo. Ta share shago, ta sake sharewa. Ta goge tebur ɗin da ba shi da datti. Duk babur ɗin da ya wuce sai ta leƙa.

Auta ta zo ta zauna kusa da ita.

"Yaya, ki yahe mani."

"Na yahe maki tun jiya."

"In Baba ya rufe shagon fa?"

Amira ta yi ajiyar zuciya. "In ya rufe, ya rufe. Amma ki ji wani abu, Auta. Son sanin abu ba laihi ba ne. Mu ma a jami'a gwaji muke yi kullum. Sai dai kafin mu taɓa komai, muna tambayar malami. Kuma da ɗan kaɗan muke gwadawa, cikin ƙaramar kwalba. Ba a gwaji da abincin mutane."

"Ke nan da na ɗibi ɗan kaɗan a kofi..."

"Da kin ga amsarki, kuma ba wanda ya yi kuka."

Bayan azahar suka ji tsayuwar babur. Baba ya shigo da sallama, rigarsa duk ƙurar hanya. Amira ta karɓi kwalin, ta ji shi sakayau. Auta ta kawo ruwa. Yasir da Hadizatu suka fito suka durƙusa.

"Baba, sannu da zuwa. An dawo lahiya? Ya hanya? Ya mai jego da jariri?"

"Lahiya lau. Suna gaishe ku."

Baba ya sha ruwa a hankali. Ya ajiye kofi. Ya gyara hula. Kowa ya ƙura masa ido, shi kuwa kamar bai san ana jiransa ba.

Can ya ce, "Na isa ana shimfiɗa tabarmi. Burodi ya ishi kowa. Wani tsoho daga garin Kaya ya ci, ya sa wani cikin aljihu, wai zai kai ma tsohuwarsa."

Yasir ya yi dariya. Amira ba ta yi ba. Tana jiran sauran maganar.

Baba ya dube ta. "Amira, jiya na ga abu biyu. Na ga kin ɗauki laihin da ba naki ba don ki kare ƙanwarki. Na kuma ga aiki ya lalace a hannunku, ba ku gudu ba, kunka tsaya kunka gyara. Wanda ya iya wanga ya iya riƙon sana'a. Shago naku ne. Ku ci gaba."

Amira ta rufe baki da hannu. Hawaye suka sake zubo mata, amma na yau daban ne da na jiya. Hadizatu ta rungume ta.

Baba ya miƙa hannu ya jawo Auta kusa da shi.

"Ke kuma mai dahwa masu barci, mi kinka koya?"

Auta ta ce, "In ban san abu ba, in tambaya kafin in taɓa. In kuma na yi ɓarna, in hwaɗi da wuri, tun ana iya gyarawa."

Baba ya ce, "To, riƙe wannan da kyau. Ya fi wainar Bakura da kinka rasa."

Auta ta riƙe. Ba ta daina tambaya ba, don mai tambaya shi ke ƙaruwa da sani. Amma daga ranar ta koyi jiran amsa kafin ta kai hannu. Idan kuma ta yi kuskure, ba ta ɓoyewa. Da kanta take zuwa ta faɗa, tun kafin a tambaye ta.